Fitila a Cikin Tumbi

Shekarata tara Baba Barau ya yi aman jini
a kan tabarmar kaba, bayan isha'i, a Mai Wurno.
Inna ta tara kwano, kwanon ya cika,
ta tara na biyu.
Aka ce sammu ne, aka ce maye ya kama kurwarsa.
Ba wanda ya waiwayi magudanar ruwan auduga
inda ya shekara ashirin yana tsoma ƙafa,
yana buɗe wa gonar wani hanyar ruwa.

Sai a aji uku na karatun likita, a Wad Madani,
na ga mayen da idona:
ɗan ƙwai ne mai ƙaya a gefe,
kwance shiru a ƙarƙashin madubi.
Tsargiya.
Daga katantanwa zuwa fata, daga fata zuwa hanta,
hanta ta ƙandare, jini ya rasa mashiga,
ya kumbura jijiyoyin maƙoshi har su yage.
Na fita na jingina da darbejiya.
Abokai suka ɗauka warin ɗakin gwaji ya juya mini ciki,
na bar su a haka.

Farfesa Awadiyya ce ta koya mini riƙon bututu,
baƙar igiya mai fitila a baki.
Sau nawa ta buge mini hannu!
"Ma'azu, kana turawa kamar mai kora jaki.
Hanji ba ya son gaggawa.
Tsaya, hura iska kaɗan, shi zai nuna maka ƙofa."
Na faɗi jarrabawar ƙwarewa sau ɗaya,
na shekara ina cin wake da burodi a bakin asibiti,
ina bitar hanta har na fara ganinta a mafarki.

Takardata ta farko sau uku ana dawo mini da ita.
Manoma ɗari huɗu da goma sha ɗaya na ƙirga,
masu duba aiki suka ce adadin bai isa ba.
Ni kuwa na san sunan ƙauyen kowannensu,
na san wanda ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota.

Yau ni ke tsaye gaban allo, furfura ta fara leƙowa.
Ina ce wa ɗalibai: ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.
Bashi yana kwana a nan, da takaici,
da maganar da mutum ya haɗiye bai tauna ba.
Ku saurara kafin ku danna.
Wasu na rubutawa, wasu na duban agogo.

Ran Talata aka kawo wani dattijo daga Sinnar,
leɓensa fari fat, rigarsa ta jiƙe.
Larabcinsa ya ƙare a bakin ƙofa,
ya ce da Hausa, "Ɗana, kogi ne ya ɓalle a ƙirjina."
Ɗalibai suka dube ni.
Wuta ta ɗauke, injin ya yi tari ya tashi.
Na sauka da fitila cikin duhunsa,
na iske su, shuɗɗan jijiyoyi uku, guda na tsiyaya.
Na ɗaure. Na ɗaure. Na ɗaure.
Hannuna bai yi rawa ba sai da na cire safa.

Da asuba ya nemi koko.

Inna ta tsufa, ba ta gane muƙamina ba,
mutane kawai take gaya wa, "Leƙen cikin jama'a yake yi."
Kwanon nan na biyu yana nan a ɗakinta,
fentinsa ya ɓare, a ciki take jiƙa tsamiya.
Duk zuwana sai na ce zan saya mata sabo,
sai ta ce, "Bar shi, bai yi yoyo ba tukuna."